Ƙofa a Buɗe Take, To Ina Matan Debian?

A shekarar 2006 kamfanin Google ya ware kuɗi domin ɗalibai su yi aikin hutu a manhajoji masu 'yanci. Ƙungiyar GNOME, wadda ke gina fuskar da mutane da yawa ke gani idan sun kunna kwamfuta mai Linux, ta karɓi takardun neman shiga guda 181. Babu ta mace ko ɗaya a cikinsu. Sai mutum biyu daga cikin masu aikin, Hanna Wallach da Chris Ball, suka ba da shawarar a sake yin shela, a wannan karon a faɗa ƙarara cewa mata ake nema. Mata kusan ɗari suka nema, aka ɗauki shida. Aikin dai shi ne, wahalarsa ba ta ragu ba. Abin da ya sauya kawai shi ne an fito fili an kira su.

Wannan labari shi ne bakin zaren wata muhawara da ta shafe kusan shekara ashirin tana ci a tsakanin masu gina manhaja mai 'yanci, wato manhajar da kowa ke da izinin ya yi amfani da ita, ya karanta asalin rubutunta, ya gyara ta, ya kuma raba wa wasu. Ƙungiyar da ba ta ɗaukar ma'aikata, ba ta biyan albashi, ba ta kuma korar wanda ya zo, shin akwai wani nauyi a kanta na ta tashi ta nemo mata? Ko kuwa ya ishe ta ta ce ƙofa a buɗe take, mai so ya shigo?

Na zaɓi in auna maganar a kan Debian, domin a nan ne ta fi fitowa sarai. Ian Murdock ne ya kafa ta a watan Agustan 1993. Babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, a kanta aka gina Ubuntu da wasu da dama, kuma ɗimbin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da ita suke aiki. Babu kamfanin da ya mallake ta. Mambobinta masu ƙuri'a kusan dubu ne, a warwatse cikin duniya. Suna da kundin tsarin mulki, suna zaɓen shugaba duk shekara, kuma babban al'amari sai an jefa ƙuri'a a kansa. Idan akwai wurin da za a ce cancanta kaɗai ke magana, to nan ne. Duk da haka, daga 1993 har zuwa zaɓen 2024 mace ba ta taɓa shugabantar ta ba. Margarita Manterola 'yar Ajantina ce ta fara tsayawa takara a 2010, sannan Sruthi Chandran 'yar Indiya ta tsaya a 2020 da 2021 da 2024.

Lamarin bai tsaya a Debian ba. Wani bincike da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa, wanda aka fitar a 2006, ya nuna cewa mata kashi 1.5 cikin ɗari ne kacal na masu aikin manhaja mai 'yanci, alhali a kamfanonin da ke sayar da manhaja sun kai kashi 28. Bayan shekara goma sha ɗaya, a 2017, kamfanin GitHub ya yi wa masu irin wannan aiki fiye da dubu biyar tambayoyi, ya tarar kashi 95 maza ne, mata kashi 3. Babu mai musun waɗannan alƙaluma. A kan fassararsu da kuma abin da ya kamata a yi ake ja-in-ja.

Masu cewa a bar abin yadda yake ba duka ne masu ƙin mata ba, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro. Hujjarsu ta farko tana da kyau ƙwarai. Suna cewa gyara ba shi da jinsi. Kwamfuta ba ta san wanda ya rubuta mata umarni ba. Ko dai ya yi aiki ko bai yi ba. Mutane da yawa ma da laƙabi suke aiki, ba a san fuskarsu ba balle garinsu. Saurayin da bai taɓa shiga jami'a ba yana iya gyara kuskuren farfesa, a karɓi nasa a ajiye na farfesan. Akwai mutanen da aka raina a makaranta, ko talauci ya danne su, ko kunya ta hana su sakewa a cikin jama'a, waɗanda a nan ne suka fara jin an daraja su saboda abin da suka iya. Ga irin waɗannan mutane, a fara tambayar wane ne namiji wace ce mace tamkar a rushe abin da ya cece su ne. Na fahimci wannan tsoro, kuma ba na ɗaukarsa da wasa.

Suna ƙara da cewa ƙarancin daga nesa ya samo asali, daga gidajen da ake saya wa yaro kwamfuta a bar yarinya, da makarantun da ɗalibai mata ba su da yawa a ajin kimiyyar kwamfuta. Ƙungiyar 'yan sa-kai ba za ta gyara abin da iyaye da gwamnatoci suka ɓata ba. Sannan akwai maganar sa-kai ɗin kanta. Kundin tsarin mulkin Debian ya bayyana cewa ba a tilasta wa kowa yin wani aiki. Wanda ke kula da ƙunshin manhaja ashirin bayan ya taso daga wurin neman abincinsa, idan aka ce ya ware awa biyar a mako yana koyar da sabuwar shiga, daga ina zai yanko awannin? Daga barcinsa, ko daga iyalinsa, ko daga gyaran da masu amfani da manhajar ke jira.

Akwai kuma wata murya da ba a cika saurara ba, ta matan da suka shiga tun kafin a fara kowane shiri. Wasunsu suna cewa shirin da aka keɓe wa mata yana jefa shakka a kan kowace mace: duk wadda aka gani ta yi fice sai a riƙa raɗe-raɗin cewa ta ƙofar alfarma ta shigo. Sun sha wahala sun kafa sunansu da aikinsu, ba sa son a mayar da su abin tausayi.

To, mu ɗauki hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarancin ɗalibai ce ta fi saurin faɗuwa, kuma alƙaluman 2006 ne suka kayar da ita. Makarantun da suka yaye matan da suka cika kashi 28 na ma'aikatan kamfanoni su ne dai makarantun da ya kamata su ciyar da manhaja mai 'yanci. Idan rijiya ɗaya ce, me ya sa wannan ya sami 28 wancan ya sami 1.5? Dole akwai abin da ke faruwa a bakin ƙofar ita kanta. Masu cewa halitta ce, mata ba sa son irin wannan aiki, su ma tarihi bai goyi bayansu ba. Mata shida ne suka fara tsara wa kwamfutar ENIAC aiki a Amurka a tsakiyar shekarun 1940. A 1984 mata ne suka karɓi kashi 37 na digirin kimiyyar kwamfuta a ƙasar, daga baya adadin ya faɗi ƙasa da kashi 20. A Malesiya kuwa an daɗe ana samun mata kusan rabin ajin. Halitta ba ta sauyawa cikin shekara ashirin, ba ta kuma sauyawa idan an tsallaka teku.

Maganar cewa gyara ba shi da jinsi ta fi wuyar warwarewa, domin rabinta gaskiya ne. Wasu masu bincike daga jami'o'i biyu na Amurka sun duba gyare-gyare kusan miliyan uku da aka miƙa a GitHub, suka wallafa sakamakon a 2017. Sun tarar ana karɓar kusan kashi 79 na gyaran mata, na maza kuwa kusan kashi 75. Amma da suka ware baƙi, wato waɗanda ba 'yan gida ba ne a aikin da suka miƙa wa gyara, sai suka ga idan suna ko hoto ya nuna mace ce, karɓar tana yin ƙasa da ta maza. Ana iya fassara wannan ta hanya fiye da ɗaya. Mai yiwuwa ana nuna bambanci. Mai yiwuwa kuma matan da suka jure suka tsaya su ne gwanayen gwanaye, matsakaita sun daɗe da tafiya, alhali matsakaicin namiji yana nan yana koyo a hankali ba wanda ya dame shi. Duk fassarar da mutum ya ɗauka, ba ta yi wa mai cewa komai lafiya daɗi ba.

Dalili kuwa shi ne gyara ba ya zuwa shi kaɗai. Mutum ne ke kawo shi, mutum ne ke dubawa, kuma sau da yawa sai an yi musu kafin a karɓa. Masaniyar halayyar al'umma Dawn Nafus, wadda tana cikin waɗanda suka yi binciken 2006, ta nuna cewa a irin waɗannan ƙungiyoyi iya kare aikinka da kakkausar murya ya zama wani ɓangare na abin da ake kira cancanta. Wanda ya saba da a zage shi ya rama, ya dawo gobe kamar ba a yi ba, shi ke daɗewa. Wadda ta yi tambaya aka ce mata ta je ta karanta littafi, ko kuma ta shiga tattaunawar aiki sai saƙonnin neman soyayya suka fara shigo mata, ba za ta rubuta takardar ƙorafi ba. Za ta rufe kwamfutarta ne kawai, kuma babu wanda zai ƙirga ta. Tun a 2002 Valerie Aurora, mai aiki a kan zuciyar Linux, ta rubuta doguwar maƙala tana lissafa irin waɗannan abubuwa. Saboda su ne Erinn Clark da Amaya Rodrigo suka kafa rukunin matan Debian a 2004, inda sabuwar shiga za ta yi tambaya ba tare da fargaba ba, kuma maza ma suna ciki.

Amma abin da ya fi duka nauyi a wurina shi ne lokaci. Aikin sa-kai da lokacin hutu ake biyansa, kuma lokacin hutu ba a raba shi daidai ba. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa a kowace rana mace tana kashe awa 4 da minti 25 a aikin gida da kula da iyali wanda ba a biya, namiji kuwa awa 1 da minti 23. Tazarar awa uku ke nan kullum. Awa ukun nan su ne daidai lokacin da ake zama a karanta rubutun manhajar wani, a gwada, a lalata, a sake. Duk wanda ya tashi a karkara ya san aikin gayya. Ba a hana kowa zuwa gonar, amma masu riƙe da fartanya sun sami sukunin zuwa ne saboda akwai wadda ta tsaya a gida tana tuƙa tuwon da za a kai musu, goye da yaro. Idan aka tashi yabon waɗanda suka yi noma, ba a ambaton sunanta, kuma ba wanda zai ce don ba ta son noma ne ba a gan ta a kunya ba.

Da wannan idon nake kallon shirin horon da ake biyan kuɗi. Bayan gwajin 2006, Marina Zhurakhinskaya ta kamfanin Red Hat ta farfaɗo da shi a 2010 a ƙarƙashin GNOME, ta kuma sanya masa wani sharaɗi mai hikima: kafin mace ta nema, sai ta fara yin wani ƙaramin gyara na gaske a aikin da take so, tare da wanda zai jagorance ta. Da aikin hannunta ake zaɓenta. Wannan sharaɗin ne amsar masu maganar ƙofar alfarma, domin gyaran yana nan a fili kowa na iya dubawa. A 2013 masu zuciyar Linux da Wikimedia da Debian suka shiga. A 2015 aka sauya masa suna zuwa Outreachy, aka faɗaɗa shi ga wasu rukunonin mutane da su ma ba su da yawa a fannin. Yanzu ana biyan mai horo dala 7,000 na wata uku, daga gida ake aikin, kuma a 2023 waɗanda suka ratsa ta cikinsa sun haura dubu. Marina ta rasu a 2022. Abin da kuɗin ke saya shi ne lokacin da namiji matashi marar nauyi a kansa yake samu kyauta.

Sai dai a kan kuɗin nan ne masu adawa suka fi gaskiya, kuma Debian ta ɗanɗana. A 2006 wasu mambobinta suka tara kuɗi a wani gwaji da aka kira Dunc-Tank domin a biya mutum biyu masu shirya fitar da sabon zubin Debian su yi aiki cikakken lokaci na ɗan wata. Ƙura ta tashi. Wasu suka ce idan ana biyan wane, don me ni zan ci gaba da kwana a zaune kyauta? Wasu suka rage aiki, har aka jefa ƙuri'ar neman tsige shugaban lokacin, Anthony Towns, ko da yake ya tsira. Zubin da aka so fitarwa a Disamba bai fito ba sai Afrilun 2007. Ita ma GNOME ta sha nata. A Afrilun 2014 gidauniyarta ta sanar da dakatar da kashe kuɗi, saboda tana biyan masu horo daga asusunta a kan kari, kamfanonin da suka yi alƙawarin mayar mata kuwa suna jinkiri, har ajiyarta ta ƙare. Shirin ya girmi ƙaramar gidauniyar da ta haife shi. Shi ya sa aka mayar da shi hannun wata ƙungiya mai zaman kanta da ta ƙware a riƙon kuɗin irin waɗannan ayyuka.

Ina ganin akwai bambanci tsakanin lamuran biyu. A Dunc-Tank tsofaffin hannu aka biya su yi aikin da takwarorinsu ke yi kyauta, shi ya sa abin ya ci rai. A Outreachy baƙuwa ake biya na wata uku ta koyi hanya, daga nan kuɗi ya ƙare. Amma darasin GNOME yana nan daram: niyya mai kyau ba ta maye gurbin lissafi, kuma ƙungiyar da ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta tana iya cutar da aikin da aka taru dominsa.

Akwai wani shinge a Debian da ba wanda ya kafa shi don mata, amma su ya fi tarewa. Kafin mutum ya zama cikakken mamba, sai wani mamba ya tsaya masa, sai an jarraba saninsa na manufofin ƙungiyar da ƙwarewarsa, sannan a da sai wasu mambobi sun sa hannu a mabuɗinsa na dijital, abin da a al'ada ke nufin a haɗu ido da ido a duba takardar shaida. Dalilin yana da ƙarfi, domin wanda aka ba izinin saka manhaja a rumbun Debian yana iya shiga miliyoyin kwamfutoci. Amma a yi tunanin matashiyar da ke garin da babu mamba ko ɗaya, wadda sai ta nemi izini a gida, ta nemi kuɗin mota ko biza, ta je ta sadu da baƙin maza a wani birni. Saurayi a Jamus yana gama wannan a yammacin Asabar ɗaya. Sai da annobar korona ta hana kowa tafiya a 2020 aka buɗe wata hanya, inda mambobin da suka daɗe suna aiki da mutum za su shaide shi ba tare da an haɗu ba. Ashe ana iya sassautawa ba tare da an zubar da tsaro ba. Da shingen ya tare kowa da kowa, nan da nan aka samo mafita.

Batun ƙa'idojin ɗa'a shi ne ya fi tayar da jijiyar wuya. Mambobin Debian sun amince ta hanyar ƙuri'a da sanarwar maraba da kowa a 2012, sannan da ƙa'idojin ɗa'a a 2014. A Satumban 2018 Linus Torvalds, jagoran aikin Linux, wanda ya shahara da zafin harshe ga masu kawo masa gyara marar kyau, ya nemi afuwa, ya ɗan janye na wasu makonni, aikin Linux kuma ya ɗauki nasa ƙa'idojin. Masu adawa suna cewa kalmomi irin su “cin fuska” ba su da iyaka, ƙaramin kwamiti yana samun ikon hukunta mutum a ɓoye, kuma an ɗauko ma'aunin ladabi na wani yanki na Amurka an shimfiɗa wa duniya. Wannan na ƙarshe ya shafe mu. Wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne yana iya rubuta jimla gajera da zuciya ɗaya, a karanta ta a matsayin rashin kunya. Debian kuma ta sha rikici a kan dakatar da mambobi da korarsu, inda wasu suka yi kukan ba a ba su damar kare kansu yadda ya kamata ba.

Ban yarda maganin wannan shi ne a soke ƙa'ida ba. Inda babu doka a rubuce, akwai doka a aikace, kuma ta mai babbar murya ce. Abin da ya wajaba shi ne a yi wa ƙa'idar adalcin da ake nema da ita: a faɗa wa mutum laifinsa dalla-dalla, a saurare shi, a bambanta wanda harshe ya yi wa tuntuɓe da wanda ya mayar da wulaƙanci sana'a, a kuma bar masa hanyar ɗaukaka ƙara. Sukar aiki da zafi halas ce, manhaja ba ta gyaruwa da lallashi. Zagin mai aikin ne ba ya ƙara wa manhaja komai.

Inda nake ganin masu goyon bayan shirye-shiryen suke yaudarar kansu shi ne wajen ƙirge. Sun fi son ƙirga masu shigowa. A babban taron Amurka na masu rubuta manhaja da harshen Python, mata kashi 1 ne na masu jawabi a 2011, a 2016 sun kai kashi 40, bayan da masu shirya taron suka riƙa bin mata ɗaya-ɗaya suna roƙonsu su miƙa batu. Nasara ce babba. Amma harshen da aka fara fitarwa a 1991 bai sami mace a cikin masu ikon taɓa asalin rubutunsa ba sai a 2017, lokacin da aka shigar da Mariatta Wijaya. Hawa mumbari daban, riƙe mabuɗi daban. Haka a Debian: an yi taro a Basalona a Maris na 2014 wanda dukan masu jawabinsa mata ne, abin ya ƙayatar, amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce mata nawa ne ke da ƙuri'a bayan shekara biyar.

A 2010 Debian ta yanke cewa masu fassara, da masu rubuta littattafan jagora, da masu shirya taro su ma suna iya zama cikakkun mambobi ko da ba sa haɗa ƙunshin manhaja. Hukunci ne na adalci, domin manhajar da ba a fassara ba, ba a kuma bayyana yadda ake amfani da ita ba, rabin aiki ce. Amma akwai tarko a ciki. Abu ne mai sauƙi a riƙa tura mata can, su yi fassara, su tari baƙi, su sasanta masu faɗa, su kuma ɗauki nauyin neman wasu matan, yayin da hukuncin fasaha ya zauna inda yake tun farko. Mace ɗaya a cikin ashirin takan zama ita ce ake kira duk lokacin da ake son a nuna akwai mata, har lokacin da za ta zurfafa a fasaha ya ƙare a tarurruka. Da Margarita Manterola ta shugabanci kwamitin fasaha na Debian, wanda ke raba gardama idan gwanaye sun kasa daidaitawa, wannan ya fi mini jawabai ɗari daraja.

Ga masu cewa duk wannan ɗauke hankali ne daga aikin gaske, ina tuna musu abin da ya faru a Maris na 2024. An gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a xz, ƙaramar manhajar matse bayanai da kusan kowace kwamfuta mai Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne ya shafe shekaru yana kula da ita shi kaɗai har ya gaji, sai wani da ba a san ko wane ne ba ya lallaɓo ya yi ta taimako har aka amince masa. Injiniya Andres Freund ne ya lura da abin a zubin gwaji na Debian kafin ya bazu. Masu tsaurara shiga za su ce ga dalilinmu, kuma suna da gaskiya. Amma tushen matsalar ƙarancin hannu ne. Aikin da duniya ta dogara da shi yana rataye a wuyan mutane ƙalilan da suka gaji. Ƙungiyar da ke cikin wannan hali, idan ta tarar rabin 'yan Adam kusan ba sa cikinta, neman dalili ya zama mata tilas ko don ta rayu.

Maganar ta iso gare mu tuni. Ada Nduka Oyom ta kafa She Code Africa a Najeriya a 2016, sannan ita da Samson Goddy suka kafa ƙungiyar masu buɗaɗɗiyar manhaja ta Afirka, wadda ta yi babban bikinta na farko a Legas a 2020. 'Yan Najeriya da Kamaru da Kenya suna cikin masu neman Outreachy sosai. Ɗalibar kimiyyar kwamfuta a Kano ko Zariya ko Damagaram tana da shingayen da takwararta ta Turai ba ta san su ba, wutar lantarki da kuɗin data a kan gaba. Amma tana da abin da ya dace da ita a wannan aiki: ana yinsa daga ɗaki, ba ya buƙatar ta ƙaura, kuma abin da ta gina yana nan da sunanta kowa na gani. Wata uku na horo da ake biya suna iya zama bambanci tsakanin ta ci gaba da ta ajiye.

Tambayar masu adawa da har yanzu ba a amsa da kyau ba ita ce ta mai koyarwa. Ana biyan mai horo, amma wanda ke zama da ita yana duba aikinta layi-layi kyauta yake yi, kuma ranar da wata ukun suka cika yakan koma ga tulin aikin da ya taru. A daidai nan ake rasa mutane, tsakanin ƙarshen horo da ranar da wani mamba zai tsaya mata ta nemi ƙuri'a, tafiyar da kan ɗauki shekara ko fiye. Debian tana da misalin yadda za a toshe wannan giɓi ba tare da an sake tayar da ƙurar 2006 ba. Tun 2014 kamfanonin da ke son a ci gaba da gyara tsofaffin zubin Debian suna zuba kuɗi ta hannun wani kamfani mai suna Freexian, shi kuma ya biya mambobin da suka ɗauki aikin, a fili, da rahoto duk wata, ba tare da kuɗin ya ratsa asusun ƙungiyar ba. Mambobi sun zauna lafiya da tsarin. Kamfanonin da ke cin riba da Debian suna iya biyan awannin koyarwa ta irin wannan hanya, na shekara guda bayan horo, ga duk sabon shiga da ya nuna da gaske yake, a kuma riƙa bayyana mutum nawa ne, mata da maza, suka kai ga samun ƙuri'a.